Karayar Ƙashi a Yara da Abubuwan da ke Shafar Warkewa

Karaya na daga cikin raunukan da suka fi kai yaran karkarar Kano da Jigawa wurin mai ɗori ko asibiti. Yawanci faɗuwa ce daga bishiyar mangwaro, ko daga kan jaki ko amalanke, sai kuma haɗarin babur. Ƙashin yaro ya fi na babba saurin haɗewa. Karayar damtse ko sangalin hannu takan haɗe cikin mako 4 zuwa 6, kuma ko ta ɗan karkace, girma kan miƙar da ita sannu a hankali. Shi ya sa ɗorin gargajiya yake yawan cin nasara, shi ne kuma ya sa ake amincewa da shi har a inda bai dace ba.

Abin da ya fi kowane tasiri shi ne abin da aka yi a sa'o'in farko. Gaɓar da ta karye kumbura take yi. Idan aka jera mata karare aka ɗaure tamau da tsumma, kumburin ba ya samun wurin tafiya, sai ya matse jijiyoyin jini daga ciki. Cikin kamar sa'a 6 tsoka takan fara mutuwa. Alamar farko ciwo ne mai tsanani da ba ya lafawa, wanda ke ƙaruwa idan aka miƙe yatsu, daga baya yatsun su yi sanyi su daina ji. A gida sau da yawa ana ɗaukar kukan yaron a matsayin raki, a ce ya daure. Ƙarshenta ko hannun ya ƙanƙance yatsu su lanƙwashe, yanayin da likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana a 1881, ko ya ruɓe a yanke shi. Karayar da ke saman gwiwar hannu, wadda ta fi samun yara 'yan shekara 5 zuwa 7, ita ce ta fi wannan haɗari, domin babbar jijiyar jini ta nan take bi.

Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ba ta ɗori ba ce ko kaɗan. Tana buƙatar wanki a ɗakin tiyata, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurar rigakafin sarƙe haƙora. In aka rufe ta da ganye ko toka, ruɓa kan shiga ɓargo, yaro ya shekara yana fitar da mugunya.

Lafiyar jikin yaron ita ma tana da nata rabo. Masu amosanin jini sun fi kamuwa da ciwon ɓargo, kuma kan ƙashin cinyarsu na iya lalacewa saboda toshewar jini. Ƙarancin abinci mai gina jiki yana jinkirta haɗewa. Binciken da aka yi a Jos ya nuna cewa gwamewar ƙafa da laushin ƙashi a yaran Najeriya sun fi zuwa daga ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci, ba rashin hasken rana ba. Ruɓaɓɓen haƙori ma likitoci kan so a magance shi kafin tiyatar da za a sa ƙarfe, tunda ƙwayoyin cuta na iya bin jini daga baki.

Babbar cibiyar wannan aiki a yankin ita ce Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Ga mutumin ƙauye, kuɗin mota da na hoto da na ƙarfe, da tsoron "za su yanke", su ne ke jawo jinkiri. Tsoron yana da tushe, sai dai an juya shi: yawancin waɗanda ake yanke wa gaɓa sun iso ne bayan ta riga ta mutu.

Bayan an cire siminti saura gashin ƙashi, wanda iyaye da yawa ke watsarwa da zarar yaro ya taka. Karayar cinya na iya cinye zangon karatu guda, kuma yaron da makarantarsa ke da nisa a ƙafa yakan daɗe bai koma ba ko bayan ƙashin ya haɗe. Wanda hannun damansa ya ƙanƙance sai ya koyi riƙe alƙalami da hagu.