Waiwaye: Yadda tsofaffin taragon lantarki na Birtaniya suka koma hannun 'yan sa-kai

Tun da aka dakatar da zirga-zirgar tsofaffin taragon lantarki, wato jiragen fasinja masu bin dogo a kan titunan gari, a garin Blackpool a Disambar 2024, aka shiga cece-kuce a Birtaniya: wa ya kamata ya ɗauki nauyin waɗannan kayan tarihi, hukuma ko masu sha'awa? Tambayar ta girmi yawancin masu yin ta.

Kowa ya san yadda motocin bas suka ture taragon daga tituna. Landan ta rufe nata layukan a 1952, Sheffield a 1960, Glasgow a 1962, aka farfasa akasarinsu ko aka ƙona. Blackpool ce kawai ta riƙe layinta da aka buɗe tun 1885. An kuma san labarin tarago mai lamba 45 na Southampton, wanda wasu masu sha'awa suka saya kan fam 10 a 1948, da ƙungiyar adana taragon da aka kafa a 1955.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne shekarar 1959. Sayen tarago bai da wuya a lokacin, kusan kuɗin ƙarfensa ake biya. Wahalar ita ce wurin ajiya. Abu ne mai tsawo da nauyi, jikinsa katako, ruwan sama na cinye shi, kuma ba ya motsi sai da dogo da waya a sama. Shekara goma sha ɗaya lamba 45 na zaman aro a wuraren mutane.

Mafita ta zo ta inda ba a zata ba. Wasu 'yan sa-kai na layin dogon Talyllyn da ke Wales sun je ƙauyen Crich a Derbyshire kwasar tsofaffin ƙarafan dogo, a wata ma'aikatar fasa dutse da injiniyan jirgin ƙasa George Stephenson ya taɓa shimfiɗa wa layi. Su suka tsegunta wa ƙungiyar cewa akwai fili. Wuri ne a kan tudu, nesa da kowane birni, amma mai nema ba ya raina abin da ya samu. 'Yan ƙungiyar suka karɓi hayarsa a 1959, suka shimfiɗa dogo da hannunsu a ranakun hutu. A 1963 doki ya fara jan tarago da fasinja, a 1964 aka saka lantarki.

A ganina a nan aka raba aikin, kuma rabon bai canja ba: birane suka sauke nauyin, 'yan sa-kai suka ɗauka da kuɗin tikiti da gudummawa. Gwanintar naɗa wayar inji da gyaran birki ta zauna a hannun mutane ƙalilan, waɗanda yanzu tsufa ya cim musu.

Taragon zamani ya dawo Manchester a 1992, Nottingham a 2004, Edinburgh a 2014, da ƙa'idojin tsaro na zamani. Tsohon tarago da zai hau layi ɗaya da su sai ya cika waɗannan ƙa'idoji, ga shi an daina ƙera kayan gyaransa tuntuni.