Yadda Jihohin Amurka Ke Samar da Kuɗin Wuraren Shaƙatawa a Filayen Gwamnati

A Amurka, gwamnatin tarayya ce ke riƙe da kusan kashi 28 cikin ɗari na faɗin ƙasar, mafi yawansa a yammaci da Alaska. Jihohi ma suna da nasu filayen: gandun daji, tafkuna, bakin teku da wuraren shaƙatawa inda jama'a ke zuwa farauta, kamun kifi, hawan duwatsu ko kwana cikin tanti. Wurin shaƙatawa na Niagara a jihar New York, wanda aka kafa a 1885, shi ake ɗauka mafi tsufa a cikinsu. Kula da irin waɗannan wurare aiki ne mai cin kuɗi, kuma jihohi da yawa sun daina dogaro da kasafin shekara kaɗai. Dalilin a fili yake: duk lokacin da aljihun jiha ya yi ƙasa, makarantu da asibitoci ake fara dubawa, daji ya zo daga baya. Shi ya sa aka koma keɓe wasu hanyoyin kuɗi da doka ta hana a karkatar da su zuwa wani aiki.

Mafarauta da masunta

Hanya mafi daɗewa ita ce lasisin farauta da na kamun kifi, wanda hukumar namun daji ta kowace jiha ke sayarwa. A 1937 majalisar tarayya ta zartar da dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin da ake karɓa daga masu ƙera makamai don kula da namun daji. A yau harajin kashi 11 ne cikin ɗari a kan dogayen bindigogi da harsasai, kashi 10 a kan ƙananan bindigogi. Tarayya ce ke tara kuɗin, sannan ta raba wa jihohi bisa faɗin ƙasarsu da yawan masu lasisin farauta. Akwai sharaɗi biyu: jiha za ta zuba kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin aikin, kuma ba za ta taɓa kuɗin lasisi don wani abu daban ba. Sharaɗi na biyun ya yi tasiri ƙwarai, domin shi ya ɗaure hannun 'yan majalisun jihohi. A 1950 dokar Dingell-Johnson ta yi irin wannan tsari ga kayan kamun kifi.

Matsalar tsarin ita ce mafarauta sun ragu idan aka kwatanta da yawan jama'a, masu yawo a daji da kallon tsuntsaye kuwa suna ƙaruwa, alhali babu irin wannan haraji na tarayya a kan tantinsu da takalmansu.

Harajin ciniki da caca

Jihar Misuri ce ta fi shahara wajen neman mafita. A 1976 masu zaɓe suka amince da ƙarin haraji na kashi ɗaya cikin takwas na kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ake saya, aka sa shi cikin kundin tsarin mulkin jihar don hukumar kula da daji da namunsa. A 1984 suka ƙara wani, kashi ɗaya cikin goma na kashi ɗaya cikin ɗari, wanda ake rabawa biyu tsakanin wuraren shaƙatawa da aikin kare ƙasar noma da ruwa. Na biyun ana mayar da shi gaban masu zaɓe lokaci zuwa lokaci, kuma sun sabunta shi a 2016 da gagarumin rinjaye. Shiga wuraren shaƙatawar Misuri kyauta ne. Arkansas ta bi sahu a 1996. Minesota ta yi nata a 2008, kashi uku cikin takwas na kashi ɗaya cikin ɗari na tsawon shekara 25, ana raba shi tsakanin daji, ruwa mai tsafta, hanyoyin yawo da ayyukan al'adu. Teksas ba ta ƙara sabon haraji ba. A 2019 masu zaɓe suka keɓe wanda ake karɓa a kan kayan wasanni ga wuraren shaƙatawa da na tarihi.

Kolorado ta ɗauki hanyar caca. Tun 1992 tsarin mulkinta ya tanadi cewa ribar cacar jiha ta tafi wannan fanni: har rabi ga asusun Great Outdoors Colorado, kashi 40 ga ƙananan hukumomi, kashi 10 ga hukumar wuraren shaƙatawa da namun daji. Oregon ma tana ware kashi 15 na ribar cacarta tun 1998. Masu suka na cewa talakawa ne suka fi sayen tikitin caca, don haka nauyin yana faɗawa kan waɗanda ba lalle su je dajin ba.

Kuɗin shiga da arzikin ƙasa

Wasu jihohin sun haɗa kuɗin shiga da sabunta rajistar mota, kamar Mishigan tun 2010 da Kolorado tun 2023. A Kolorado takardar shiga ta shekara dala 29 ce, ana haɗa ta da kuɗin rajistar sai in mai mota ya ce ba ya so. Jihar Washinton ta ɓullo da takardar shiga ta kuɗi mai suna Discover Pass a 2011 bayan an zaftare wa wurarenta kasafi.

Akwai kuma kuɗin man fetur da iskar gas. Mishigan ta kafa asusu a 1976 daga abin da kamfanoni ke biya na haƙa a filayen jiha, ana sayen filaye da gina wuraren shaƙatawa da shi. A matakin tarayya, asusun kare ƙasa da ruwa na 1964 yana samun kuɗi daga haƙar mai a teku, kuma dokar 2020 ta tabbatar masa da dala miliyan 900 kowace shekara. Wani kaso nasa na zuwa wa jihohi a matsayin tallafi, bisa sharaɗin su zuba daidai abin da aka ba su, kuma filin da aka kashe wa kuɗin ya ci gaba da zama wurin shaƙatawar jama'a har abada.