Waiwaye: tun 2005 aka raba hanya a wasannin yaƙi

Duk lokacin da sabon wasan harbi na yaƙi ya fito, gardama ɗaya ce ke tashi tsakanin 'yan gem. Ɓangare guda na cewa wasannin yanzu sun koma fim: a riƙe maka hannu, a ce bi wancan sojan, tsaya nan, danna nan, ka sha harsashi biyar ka laɓe bayan buhun yashi na ɗan lokaci ka miƙe garau. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa masu wannan kuka kewar ƙuruciyarsu kawai suke yi. Idan aka matsa wa na farkon su kawo misalin lokacin da abin ke da daɗi, sunan da ke yawan fitowa daga bakinsu shi ne Call of Duty 2, na shekarar 2005. Idan kuma aka ce su nuna inda aka fara gocewa, sai su nuna 2007, shekarar da jerin wasannin Call of Duty ya bar Yaƙin Duniya na Biyu ya koma yaƙin zamani.

A ganina lissafin nasu ya makara da shekara biyu. Akasarin abin da ake kuka da shi yau, a cikin wannan wasan da ake yabo ya tsaya da ƙafafunsa, kuma a lokacin da tafi aka karɓe shi.

Tarihin farkon ba ya bukatar dogon bayani. Wolfenstein 3D ya fito a 1992, mutum ɗaya yana ratsa lungunan kurkuku yana harbin masu gadi. A 1998 fim ɗin Saving Private Ryan ya nuna wa duniya saukar sojojin Amurka a gaɓar Omaha da ke Nomandi a Faransa ta yadda ba a taɓa gani ba, shekara guda bayan haka Medal of Honor ya fito a PlayStation. A farkon 2002 Medal of Honor: Allied Assault ya sa ɗan wasa a cikin kwale-kwalen saukar da kansa, ƙofa ta buɗe, bindiga mai jigida ta kama aiki. A 2003 Call of Duty na farko ya ce ba kai kaɗai kake yaƙin ba: ga abokai kewaye da kai, ga labarin Amurkawa da na Birtaniya da na Tarayyar Sobiyet, har da tsallake Kogin Volga zuwa Stalingrad inda ake miƙa maka harsasai babu bindiga. Duk waɗannan wasanni sun yi tarayya a abu ɗaya: akwai ma'aunin jini a gefen allo, idan ya ragu ba ya dawowa sai ka tsinci jakar magani.

Wannan ma'aunin ne Call of Duty 2 ya cire. Ya fito a kwamfuta a watan Oktoban 2005, ya kuma fito a Nuwamba tare da sabuwar na'urar Xbox 360, inda ya zama cikin wasannin da aka fi saya a farkon fitowarta. A cikinsa idan aka harbe ka sai gefen allo ya yi ja, numfashin sojan ya yi nauyi, rubutu ya fito yana cewa ka nemi mafaka. Ka laɓe na 'yan daƙiƙoƙi, jan ya washe, ka dawo kamar ba a taɓa ka ba. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Wasan Halo na 2001 yana da garkuwar da ke cika kanta, Halo 2 na 2004 kuma ya ɗauke ma'aunin lafiya daga allo. To amma can sojan almara ne mai sulke na wata duniya. Nan kuwa yaro ne sanye da rigar sanyi a dusar ƙanƙarar Mosko ta 1941.

Adalci ya sa a faɗi cewa matsala ce ta gaske aka magance. Duk wanda ya buga Allied Assault ya san garin nan na maharban ɓoye, inda harsashi ke zuwa daga tagar da ba ka gani, ka mutu, ka dawo, ka haddace tagar, ka ƙara taku uku, wata tagar ta kashe ka. Ya kuma san baƙin cikin ajiye wasa da jini kaɗan ya rage, gaba ga abokan gaba, baya babu magani, sai dai a sake fagen daga farko. A kwamfuta mutane sun saba da danna maɓallin ajiyewa bayan kowace kwana, har yatsa ya riƙa zuwa can da kansa. Wanda ke zaune a kujera da fad (abin sarrafa wasa) a hannu, nesa da talabijin, ba shi da wannan saukin, kuma saiti da ɗan yatsa bai kai saiti da linzamin kwamfuta daidaito ba, don haka dole ya fi shan harbi. Warkewa da kai da kuma zangon da wasan ke ajiye maka da kansa sun share duk wannan wahala lokaci guda. Yaƙi ya daina tsayawa don ana neman magani a ƙarƙashin matakala.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Cire jakar magani ya sauya aikin mai tsara fage tun daga tushe, kuma wannan ne ba a cika zama a duba ba.

A tsohon tsari, mai tsarawa bai san halin da za ka iso masa ba. Wani zai zo da jini cike, wani da kwata. Dole ya ƙidaya abokan gaba, ya ƙidaya magani, ya bar ɗakuna da lunguna a gefe inda mai haƙuri zai sami lada. Kowane rauni bashi ne da kake ɗauke da shi zuwa gaba. A sabon tsari kowa na isowa kowace arangama da cikakkiyar lafiya, don haka ana iya zuba sojoji ba adadi, a cika sama da ƙara da ƙura, ba tare da tsoron ɗan wasa zai maƙale ba. Daga nan girman fagagen Call of Duty 2 ya samo asali, kuma shi ne babban abin burgewarsa.

Amma da zarar laɓewa ta zama magani, sai sabuwar matsala ta kunno kai: me zai hana mutum ya zauna bayan katanga har abada, yana leƙowa yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya? Amsa biyu aka ba da. Ta farko gurneti. Ka daɗe a wuri ɗaya sai ka ji ƙarar faɗuwarsa kusa da kai, ga 'yar alama a allo tana nuna inda yake, dole ka tashi. Ta biyu ita ce wadda ta fi barin tabo. A wurare da dama abokan gaba ba sa ƙarewa. Ka kashe mai bindigar da ke tagar bene, wani ya zo ya tsaya daidai inda ya faɗi, ka kashe shi, wani ya sake zuwa. Ba za su daina fitowa ba sai ƙafarka ta taka wani layi da ba a gani a ƙasa. Ranar da ɗan wasa ya gano wannan, yaƙin ya sauya masa kama. Ya fahimci cewa iya harbi bai kai gudu muhimmanci ba: jefa gurnetin hayaƙi, ka kutsa ciki, ka taka layin, abokanka su biyo ka, zango ya ajiye. Musamman a matakin wahala mafi tsanani, inda harsashi biyu ko uku ke gamawa da kai, wasan kan koma neman inda layin yake.

Abu na uku ya biyo baya a hankali. Tunda babu maganin da za a nema, kuma ga bindigogin mamata zube a ƙasa, babu dalilin leƙa ɗakin gefe. Abin da ba a leƙawa kuwa ba a ɓata kuɗi da lokaci wajen gina shi. Dama tun a wasan farko ba kai ke buɗe ƙofa ba, sai wani soja ya zo ya doke ta da ƙafa. Haɗa waɗannan wuri ɗaya, ka ga hanya ɗaya miƙaƙƙiya, tauraro a kamfas yana jan ka, wato dai abin da ake kuka da shi yau.

Inda wannan ya fi fitowa fili a wurina shi ne Pointe du Hoc, wani dutse a gaɓar Nomandi. A ranar 6 ga Yunin 1944, zaratan sojojin Amurka kimanin 225 suka hau katangar dutse mai tsayin kusan mita 30 da igiya da tsani, ana harbinsu daga sama, don su lalata manyan bindigogin Jamus. Da suka isa suka tarar an janye bindigogin zuwa cikin ƙasa, sai da suka bi sawu suka same su. Bayan kwana biyu, kimanin 90 ne kawai ke iya riƙe makami. Call of Duty 2 ya kawo wannan fage da gwaninta: igiya a hannunka, na kusa da kai yana suɓucewa ya faɗa ƙasa, ramukan bama-bamai a saman dutsen, gano bindigogin a ɓoye. Amma zuciyar labarin gaskiyar ita ce raguwa, mutane na ƙarewa awa bayan awa, kuma ita ce wasan ba shi da hanyar sa ka ji a jikinka. Kai kana warkewa. Shugaban rukuninka harsashi ba ya kashe shi. Ƙananan sojojin da suka faɗi, wasu masu sababbin sunaye na fitowa daga baya su cike gurbi.

Kada a ɗauka wannan ce kaɗai mafitar da ake da ita a lokacin. A ƙarshen 2004 Medal of Honor: Pacific Assault ya gwada wata: idan ka ji rauni sai ka kira mai ba da magani na rukuninku, kuma kiran yana da iyaka. A watan Maris na 2005, wata bakwai kafin Call of Duty 2, Brothers in Arms: Road to Hill 30 ya bi hanyar da ta fi nisa. Kana jagorantar ƙaramin rukunin sojojin laima a Nomandi. Bindiga na rawa a hannunka, harbi daga nesa ba ya cika samu. Sai ka sa rukuni ɗaya su danne abokan gaba da wuta har jan da'irar da ke kansu ta dushe, kai kuma ka zagaya ta bayan shinge ka ɓullo musu ta gefe. Babu jakar magani a warwatse, rauni na bin ka, abokan gaba suna da adadi. Shi ma yana da nasa rauni, don bayan 'yan fagage sai ka gane kowace gona an bar mata hanyar zagaye guda, wasan ya koma kacici-kacici iri ɗaya. Duk da haka ya nuna ana iya cire jakar magani ba tare da an cire tsoro ba. Masu saye ne suka yi alƙalanci, kuma sun fi karkata ga wanda ba ya tsayawa. Zuwa 2008, na uku a jerin Brothers in Arms ɗin ma ya koma amfani da jan allo.

Ba wai Call of Duty 2 ba shi da abin yabo ba ne, yana da shi da yawa, kuma shi ya sa tasirinsa ya yi ƙarfi. Horon farko kaɗai ya isa misali: jami'in Sobiyet ya miƙa wa sababbin sojoji dankalin turawa su koyi jifa da shi, don gurneti na gaske ya fi su daraja a wurinsa. Akwai rarrafe cikin bututu a Stalingrad, Jamusawa na harbi daga ƙasa, haske na shigowa ta hudojin da harsashi ya yi. Akwai bin wayar tarho ana ɗaure inda ta tsinke. Sojoji na ihu suna faɗin inda abokan gaba suke, a bene na biyu ko bayan mota, kuma sau da yawa gaskiya suke faɗa. Hayaƙinsa kuwa a zamaninsa babu kamarsa, ka jefa ka ga ya taso ya rufe titi. Allon babu tarkace. A wasu fagage ma ana ba ka gidaje da dama ka zaɓi wanda za ka fara kamawa, 'yancin da magadansa suka riƙa ragewa. Ta fuskar tarihi kuma gajere ne: a El Alamein ta Masar a 1942 rundunar da ta yi yaƙin ta ƙunshi sojojin Indiya da Ostireliya da New Zealand da Afirka ta Kudu, amma a wasan kusan muryar Birtaniya kaɗai kake ji, farar hula kuwa sai ka ce ba a taɓa zama a garuruwan ba.

Abin da 2007 ya yi shi ne sauya tufafi da ƙara gudu. Warkewa da kai, alamar gurneti, zango, layin ɓoye, duk an gaje su yadda suke. Call of Duty: World at War na 2008 ya dawo Yaƙin Duniya na Biyu da tsarin nan, har ruwan gurnetinsa a mataki mafi wahala ya zama abin barkwanci tsakanin 'yan wasa.

An ma taɓa gwada biya wa masu kewar bukatarsu. Call of Duty: WWII na 2017 ya dawo da ma'aunin jini da jakar magani a ɓangaren labari. Sai dai fagagen sun riga sun zama miƙaƙƙu, don haka babbar hanyar samun maganin ita ce wani abokinka a rukuni: ka kashe abokan gaba har ma'auninsa ya cika, ka danna, ya jefo maka. Jakar ta dawo, amma lungunan da ake nemanta a ciki da ƙidayar da ke sa mutum ya ji tsoron kwana ta gaba ba su dawo da ƙarfinsu na da ba. Masu son wancan tsoron yanzu sun fi komawa wasannin intanet irin su Hell Let Loose, inda mutum hamsin ke fuskantar hamsin, harsashi ɗaya na iya kwantar da kai, kuma sai wani ɗan wasa mai ɗauke da magani ya yarda ya rarrafo ya tashe ka.