Waiwaye: Yadda aka ƙwato Addis Ababa daga hannun Italiya

Ranar 5 ga Mayun 1936 sojojin Italiya ƙarƙashin Marshal Badoglio suka shiga Addis Ababa, babban birnin Habasha. Shugaban Italiya Mussolini na neman huce haushin kashin da Habashawa suka bai wa ƙasarsa a Adwa a 1896, har da iska mai guba jiragensa suka riƙa yi wa mutane ruwanta. Sarki Haile Selassie ya yi gudun hijira, ya kai kuka gaban majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani a Janeba, manyan ƙasashe suka yi masa kunnen uwar shegu.

Birnin ya sha azaba. A Fabrairun 1937 wasu matasa biyu suka jefa wa gwamnan mamaya, Graziani, gurneti. Ya tsira da raunuka, amma aka kwana uku ana kashe mazauna birnin ana cinna wa gidajensu wuta, dubban rayuka suka salwanta. Duk da haka mayaƙan sa-kai da ake kira Arbegnoch ba su ajiye makami ba, suka hana Italiya sakat a tsaunukan Shewa da Gojjam. A ganina su ne suka riƙe ƙasar, domin Ingila ba ta waiwayi Habasha ba sai da Italiya ta bi bayan Hitler a yaƙin duniya na biyu, a Yunin 1940.

Akwai wani ɓangaren da ya shafe mu, wanda ba a cika ambata ba. Cikin rundunar Janar Cunningham na Ingila da ta taso daga Kenya akwai birged ta 23 ta sojojin Najeriya, yawancinsu 'yan Arewa, kuma da Hausa ake ba su umarni. Su ne kan gaba wajen kama Mogadishu daga hannun Italiya a ƙarshen Fabrairun 1941, suka keta hamada cikin kusan wata guda har garuruwan Jijiga da Harar a gabashin Habasha. Wannan ya buɗe hanya. Ranar 6 ga Afrilu dakarun Afirka ta Kudu da na Gabashin Afirka suka shiga Addis Ababa bayan gwamnan Italiya na lokacin ya janye zuwa tsaunin Amba Alagi a arewacin ƙasar.

Sarkin kuwa ta Sudan ya shigo, ya isa birninsa ranar 5 ga Mayun 1941, shekara biyar cif da faɗuwarsa. Har yau ranar hutu ce a Habasha, ta tunawa da mayaƙan sa-kai. Sai dai Turawan Ingila ba su tafi nan take ba: sun ci gaba da riƙe yankin Ogaden har 1948.