Waiwaye: Kwalbar Ruwa da Numfashin Bakwaini

Mu mazauna Idi-Araba, katanga ce kawai tsakaninmu da asibitin koyarwa na Jami'ar Legas. Idan mace ta dawo daga can ta ce an sa wa bakwaininta roba a hanci, ga ruwa na ta tafasa a kwalba, abin da likitoci ke kira CPAP ta gani. Ruwan ba tafasa yake ba. Iska ce ake turawa a hankali don kada huhun jariri ya manne bayan kowane numfashi, kumfar kuma alama ce cewa iskar na tafiya daidai.

Dabarar ba ta tsufa ba. A 1963 ɗan shugaban Amurka John Kennedy, wanda aka haifa bakwaini, ya rasu kwana biyu da haihuwa saboda huhunsa bai yi ƙwari ba. Sai a 1971 Dakta George Gregory na San Francisco ya nuna cewa wannan turin iska yana ceton irin waɗannan jarirai. Tsadar na'urori ta sa mu a Afirka muka daɗe muna jin labari kawai.

A 2010 aka fara shirin Helping Babies Breathe, wanda ke koya wa ungozoma abin yi cikin minti ɗaya na farko idan jariri bai yi kuka ba: ta goge shi, ta share masa hanci da baki, ta hura masa iska da jakar roba. A asibitoci takwas na Tanzaniya da aka koyar da shi, mutuwar jarirai a ranar haihuwa ta ragu da kashi 47 cikin 100. A Blantyre ta Malawi kuwa, wata na'urar CPAP mai araha mai suna Pumani ta ɗaga yawan masu rayuwa cikin jarirai masu matsalar numfashi daga kashi 44 zuwa 71.

Amma labarin da na fi son a riƙe shi ne na garin Salima, a Malawin dai. Binciken da aka fitar a 2019 ya nuna an sa wa yara masu nimoniya mai tsanani CPAP a asibitin da likita ba ya duba su kullum. Kashi 17 suka rasu, alhali cikin waɗanda aka ba oksijin kawai kashi 11 ne. Dole aka tsayar da gwajin. Majina tana toshe roba, ciki yana kumbura da iska, yaro yana iya shaƙar amai, duk sai da idon wanda ya san aikin.

Shi ya sa shirin NEST360, da ya soma a 2019 ya kuma shigo Legas da Oyo, yake horar da nas-nas da likitoci har da masu gyaran na'ura. Ƙididdigar 2018 ta ce cikin jarirai 1,000 a Nijeriya, 39 ba sa cika wata guda. Abin da ke damuna yanzu shi ne yadda nas-nas ɗin da aka horar ke ficewa Ingila da Kanada, a bar sabuwar ɗauka ita kaɗai da ɗakin jarirai cikin dare.