Lambobin tunawa na zamanin Barok

Lambobin tunawa na zamanin Barok, wato zamanin wani salon fasahar Turai mai yawan ado, wasu ƙarafa ne zagayayyu kamar kwabo, na zinariya ko azurfa ko tagulla, da sarakunan Turai da fafaroma suka riƙa bugawa daga wajen 1600 zuwa tsakiyar ƙarni na 18 don tuna cin yaƙi ko aure ko wani babban gini. Ba a cefane da su, kyauta ake yi wa jakadu da manyan fada, wasu kuma a binne su a harsashin gini. Gaba fuskar sarki ce, baya kuma hoto mai habaici da ɗan gajeren kirari da Latin.

Wanda ya fi kowa zaƙewa a harkar nan shi ne Louis na 14 na Faransa, wanda ya yi sarauta daga 1643 zuwa 1715. A 1663 ministansa Colbert ya tara wasu 'yan masana da ake kira ƙaramar akademi, aikinsu ke nan su zauna su yi ta tunanin hoton da za a sa da kalmar da za ta dace, kai ka ce maroƙan fada ne sai dai su da ƙarfe suke wasa sarki. Daga baya har marubuta irin su Racine da Boileau sun shiga ciki. Jean Warin ne babban masassaƙin farko, shi ya yaɗa injin matsa ƙarfe a gidan buga kuɗi na Faransa kafin ya rasu a 1672. A 1702 aka fitar da ƙaton littafi mai hotunan lambobi 286 na tarihin sarautar, bugun 1723 kuma ya kai 318.

Alamar sarkin rana ce, tana haska duniya, da kirarin Nec pluribus impar, wanda har yau ba a daidaita kan fassararsa ba, kusan dai ana nufin ya isa ya haska duniyoyi da yawa. Su kuwa ƙasashen da aka ci da yaƙi mata ake zana su a durƙushe, koguna kuma tsofaffi masu gemu a kishingiɗe, haka aka yi wa kogin Rhin bayan sojojin Faransa sun tsallake shi a 1672. Bayan luguden wuta a kan Aljas an buga wata ta 1684 mai cewa Africa supplex, wato wai Afirka na roƙon afuwa, birni ɗaya fa amma aka ɗora wa nahiya guda. Da aka soke dokar Nantes, mai ba 'yan Furotesta damar yin ibada, a 1685 aka hana 'yan Furotesta addininsu, ita ma lamba aka buga mata ana murnar wai an kashe bidi'a. Kashin da Faransa ta sha a Blenheim a 1704 kam ba wanda ya sassaƙa shi a Faris.

Abokan gaba da alamar ranar nan suka riƙa tsokanar Louis. An yi ta yaɗa cewa jakadan Holan, Coenraad van Beuningen, ya sa an zana shi a matsayin Yusha'u mai tsayar da rana, shi dai ya musanta, masana kuma suna tantamar ko ya taɓa yin hakan. Wadda ba tantama a kanta ita ce ta 1706, ran 12 ga Mayu aka yi husufin rana daidai lokacin da sojojin Faransa ke janyewa daga Barsalona, nan da nan masu adawa suka buga lambobi da rana ta dushe.

A Rum fafaroma sun fi karkata ga gine-gine, kamar lambar Fafaroma Alexander na 7 ta 1657 mai nuna jerin ginshiƙan dandalin Saint Peter tun ba a gama su ba. Yanzu galibin lambobin nan suna gidajen tarihi da hannun masu tara kayan da.