Waiwaye: yadda sabuwar renjfainda ta fim ta zama sai mai hannu da shuni

Duk wanda ya fara sha'awar kyamarar fim irin ta renjfainda tambayar da yake fara yi ita ce sabuwa zan saya ko tsohuwa, kuma gaskiya sai an koma baya kafin a gane me yasa amsar ta yi wuya haka yanzu, don a da ba haka kasuwar take ba.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, idan ka sa ido a tagar leƙe za ka ga wani ɗan fili mai haske a tsakiya inda abin da kake son ɗauka ya rabu gida biyu, sai ka yi ta murza lenz har biyun su hau kan juna, da sun haɗe to fokas ya zauna kenan. Babu madubi mai tashi sama a cikinta kamar na wasu kyamarori, shi yasa ba ta da girma kuma ba ta da ƙara.

Kodak ne suka fara haɗa wannan ma'aunin nisa, wanda shi ake kira renjfainda, da lenz tun 1916, amma abin bai kankama ba sai 1932 lokacin da Leica II da Contax I suka fito a Jamus a shekara ɗaya suna gasa da juna. Daga nan sai 1954 Leica suka fito da M3, wadda ta zo da sabon bakin ɗaura lenz da ake ce wa M, kuma har yau shi ake amfani da shi, wato lenz ɗin da aka ƙera a wancan zamanin zai hau Leica M ɗin da aka ƙera bana. Japan ma ba su zauna ba, ga Nikon SP a 1957 ga Canon P a 1959, Tarayyar Sobiyet kuma suna ta zubo FED da Zorki da Kiev.

Sai Nikon F ta zo a 1959 ta juya komai. Ita irin da ake ce wa SLR ce, mai madubin nan, ta cikin lenz ɗin kake kallo, abin da ka gani shi za ka ɗauka, ko daga nesa ko dab da abu, nan fa 'yan jarida da masu sana'ar hoto suka fara ficewa. Renjfainda sai ta koma ta iyali, irin masu lenz ɗin da ba a cirewa, su Yashica Electro 35 ta 1966 da Canonet QL17 GIII ta 1972, an sayar da miliyoyinsu kuma yawancin masu arahar da ake gani a gwanjo yanzu ai su ne. Ita kanta Leica da kyar ta sha, M5 ta 1971 ba ta samu karɓuwa ba, M4-2 da M4-P da aka ƙera a Kanada ne suka riƙe gidan har M6 ta iso a 1984.

To inda nake ganin mutane ba sa lura shi ne akwai lokacin da zaɓin sabuwa ko tsohuwa zaɓi ne na gaske. Daga 1999 kamfanin Cosina na Japan ya fara fitar da Bessa da sunan Voigtländer, Konica suka kawo Hexar RF, a 2005 kuma Zeiss Ikon ta fito, ita ma Cosina ne suke ƙera ta. Sababbi ne dal a kwali da garantinsu, mafi yawansu suna ɗaukar lenz ɗin M, kuma musamman Bessa kuɗinta bai kama ƙafar na Leica ba, ɗalibi ma in ya dage zai iya tarawa ya saya. Dijital ta cinye kasuwar fim sai aka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, Zeiss Ikon ta tsaya a 2012, Bessa a 2015, Leica ma suka daina M7 a 2018. Wannan tsakiyar da ta ɓace ita ta fi ba ni takaici wallahi, don ita ce ƙofar da sabon shiga yake bi.

Yanzu in ka ce sabuwa kusan Leica kawai kake nufi, MP ta 2003, M-A ta 2014 wadda ko mitar haske ba ta da, sai M6 da aka dawo da ita a 2022 kan kuɗi sama da dala 5,000 ba ma da lenz ba. Pentax 17 da ta fito a 2024 sabuwa ce kam amma ba renjfainda ba ce, ƙiyasin nisa kake yi. Sabuwar M6 ta gyara abubuwa, samanta ya koma na tagulla maimakon zink ɗin da wasu tsofaffin yake kumburowa, tagar leƙen ma an rage mata matsalar nan da filin fokas yake fari fat in haske ya buge shi, sai dai hoton da za ta ba ka lenz da fim ne suke yin sa, M3 mai lafiya za ta fitar da irinsa.

Ita kuma tsohuwa ba a saye ake gamawa ba. Man da ke cikin shota, wato abin da ke buɗewa haske ya shiga ga fim, yana daskarewa gudunta ya sauka, soson da ke toshe haske yana narkewa ya zama kamar kwalta, lenz ya kama fumfuna, filin fokas ya dushe, labulen shota na yadi kuma rana tana iya huda shi in an bar kyamarar tana kallon sama ba murfi. Ga batun batir, da yawa daga na shekarun 1960 da 1970 an yi su ne don batirin makyuri mai bolt 1.35 wanda aka hana sayarwa, in ka sa na yanzu mitar sai ta ba ka lissafin da ba daidai ba, sai ka nemi adafta ko a gyara mata waya.

Shi yasa ni ban cika damuwa da shekarunta ba, abin da nake tambaya shi ne in ta lalace wa zai iya gyara ta. Wadda komai nata ƙarfe ne da sifirin, irin su M3 ko Canon P, mai gyara zai buɗe ta ya wanke ya sa mai ta koma aiki, amma wadda shotarta take dogara da lantarki kamar Hexar RF in allon cikinta ya mutu sau da yawa sai dai a nemo wata matacciya a ciro nata. Masu gyaran ma ba su da yawa, wasu sai ka jira watanni kafin layi ya zo kanka, don haka in mutum zai sayi tsohuwa ya sa kuɗin sabis a cikin lissafi tun farko, kuma kafin ya biya ya murza lenz zuwa ƙarshen ɓangaren nesa ya kalli abu mai nisa sosai ya ga ko hotunan biyu sun haɗe daidai.